Shekarar da Jirgin Gonarmu Ya Yi Shiru

A wajen sunan da aka yi a Dungas bara na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta san kanta, tana ba ƙawayenta labari wai kakanku ya yi wa Baffa Sale baki, shi ya sa ya bar gida ya mutu a ƙasar wasu. Ta sa wa labarin gishiri da yaji, har da cewa tsohon ya ɗaga sanda sama yana rantsuwa. Ina zaune a bayanta a kan tabarma, goro a bakina. A lokacin da Sale ya bar gida tana cikina, ko motsi ba ta fara ba, amma ga shi ta fi ni sanin yadda aka yi. Ban tanka mata a cikin mutane ba. Na dawo gida na ce tunda na sha wahalar karatun manya har na iya riƙe alƙalami, bari in rubuta muku wannan shekara ɗaya, kafin ku gama gyara ta yadda kuke so.

Ku kun tashi kun tarar da ƙarfe ɗaya yana leƙe daga cikin rairayi a gonar gandu, kuna ɗaure akuya a jikinsa. Ni da aka kawo ni daga Kwaya ina amarya, zuwa ƙauyen nan namu na gabas da Dogo-Dogo, jirgi na tarar sosai, sai dai ƙasusuwansa kaɗai suka rage. Hancinsa a kafe yake cikin ƙasa a bayan tudu, wutsiyarsa a sama. Fukafukinsa hawa biyu ne a kowane gefe, ɗaya bisa ɗaya kamar rumfa kan rumfa, da sanduna a tsakani, an ɗaɗɗaure su da wayoyi sirara a gicciye. A bayansa akwai ramuka biyu inda mutane ke zama, ba rufi ba ƙofa, kansu a waje. Kwanan baya jikana ya nuna mini irinsa a wayar salula, an ajiye shi a wani babban ɗaki a ƙasar Nasara, an goge shi yana sheƙi, ya ce tun farkon fara tashi sama aka ƙera su, kuma ƴan kaɗan suka rage a duniya. Na ce masa to, mu namu kaji sun yi ƙwai a cikinsa.

Kakanku yana saurayi ya faɗo. Ya ce da hantsi ne, suna sharar gona, suka ji ƙara tana yankewa tana dawowa kamar mai tari, sai ga abu ya sauko ya shafi kan aduwa ya kifa. Jikinsa duk yadi ne aka ja aka ɗinke, aka shafa masa wani abu ya yi tauri, farfelarsa kuwa itace ce. Nasara biyu ne a ciki, da hulunan fata da tabarau masu ɗauri. Ɗaya ya fito da ƙafarsa, aka ba shi ɗan rakiya ya nufi Damagaram neman taimako. Ɗayan ƙirjinsa ya karye. Mahaifin kakanku ya jawo shi inuwa ya ba shi ruwa a ƙwaryar gidan, ya sha, ya yi ta magana da yaren da ba wanda ya ji, kafin la'asar ya cika. Zafi bai bari a jira kowa ba. Suka rufe shi a gindin aduwar, suka juya fuskarsa gabas, don ba su san wata hanyar rufe mutum ba. Da mutanen kwamandan Nasara suka zo suka kwance inji da abin da ke da amfani, shanu suka ja, suka ce za su dawo su ɗauki gawar. Har yau suna dawowa. Matan gari suka yayyanke yadin suka rufe rumbuna da shi, farfelar ta zama makarin ƙofar zaure. Shi kuwa mamacin, tunda ya sha ruwan gidan ya mutu a gonar gidan, ya zama na gidan. Baƙo ake ce masa, ba shi da wani suna a wurinmu.

Wayoyin nan su ne maganar. Duk tsawon rani, komai ƙarfin iskar gabas, ba sa cewa uffan, tudu ya tare su. Amma in iskar kudu mai danshi ta iso, wadda in ta zo ba ta komawa sai damina ta zauna, sai su fara wani irin kuka, siriri, mai tsawo, da wata murya mai kauri a ƙarƙashinsa. Ranar da na fara ji ina tsinkar ganye, sai da na zubar da abin da na tsinka na ruga gida, matan gida suka yi ta yi mini dariya wai ƴar Kwaya ta gaisa da Baƙo. A gidanmu ba a buɗe rumbun iri sai jirgi ya yi magana. In ya yi, ko ƙasa a bushe take ƙamas, a fita da sungumi a yi binne, ruwa ya zo ya tarar da iri a kwance. In bai yi ba, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a taɓa rumbu. Haka mahaifin kakanku ya yi, haka ya bar wasiyya, ya ƙara da cewa kada wanda ya taɓa kayan Baƙo. Kakanku kuma, wata rana da wani maƙeri ya zo yana latsa ƙarfen, ya tsaya a ƙofar masallaci a gaban kowa ya ce duk wanda ya sa hannu a jirgin nan, ko daga cikinsa ya fito, ba shi ba shi duniya da lahira. Ba mutum ne mai maimaita magana ba, kuma ba a taɓa jin ya janye ta ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan babban fari. Ba zan tsaya ina lissafa muku abin da muka ci ba, kun ƙi jinin jin sa, amma anza da dusa sun san mu mun san su. Awaki sun ƙare, saniyar da ta rage ta kwanta ba ta tashi ba. Abu ɗaya ya tsira a gidan: ƙaramin rumbun iri, wanda kakanku ya cika da zangarniyar hatsi zaɓaɓɓiya ya liƙe bakinsa da laka da hannunsa. A lokacin yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ba ya ganin ko tafin hannunsa, amma kullum da safe sai ya je ya shafa liƙin nan ya ji ko an taɓa. Yara suna kukan yunwa, hatsi yana can taku kaɗan daga murhu, ba mai iko ya kalle shi. In wannan iri ya salwanta, ba wani a bayansa, ba kuma inda za a samo. Kowa a gidan ya san haka, har babbar yayarku da ke tatata.

Sai ruwa ya zo da wuri. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya zubar har kwalbatin hanyar kasuwa ya cika, ya wuce. Washegari gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai a baya, har masu waƙa. Mu muna zaune. Babanku da ƙaninsa Sale suka shiga zaure suka durƙusa gaban tsohon, ni ina bayan danga da tsintsiya ina sharar wurin da na riga na share. Babanku ya yi magana a hankali, kamar yadda ya saba. Sale kuwa jininsa a kusa yake, ya ce ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu, ya haƙa ya gani, in aka bari ta bushe wa zai sake jiƙa ta?

"Bai yi magana ba," in ji kakanku.

"Baba, ƙarfe ne. Ƙarfen Nasara da ya mutu tun ba a haife mu ba."

"Na sani. Bai yi magana ba."

Liman ma ya zo da kansa, ya zauna, ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce yana tsoron kada abin ya shiga shirka. Kakanku bai yi fushi ba. Ya ce shi bai taɓa cewa jirgi ke ba da ruwa ba, zakara ma ba shi ke kawo asuba ba, amma liman da kansa da cararsa yake tashi. Liman ya yi dariya ya ɗauki takalmansa, ya tafi shukarsa.

Sale bai yi dariya ba. Kafin rana ta faɗi ya ce a raba gandu, a ba shi rabonsa na iri da gefen gonarsa. Ku yanzu ba ku ɗauki wannan a bakin komai ba, kowa da tukunyarsa tun daga ranar aure. A lokacin, ɗa ya ce a raba gandu uba yana raye, kamar ya auna masa likkafani ne. Tsohon ya tashi ya lallaba zuwa rumbu, ya fasa liƙin da kansa. Ya raba zangarniyar kashi biyu da hannu, yana shafawa yana ajiyewa, ya tura wa Sale kashi ɗaya, ya mayar da ɗayan ya sake liƙewa. Ni a raina ina bayan Sale, ba na ɓoye muku. Ina da goyo, ina da ciki, ga ƙasa tana ƙamshi. Na sami babanku a bakin rijiya na ce shi ma ya karɓi nasa mana, ko kuwa ƙarfe zai shayar da ƴaƴansa? Ya ce ko tsohon ya yi kuskure ubansa ne, ba zai bar makaho shi kaɗai a gandu ba. Na yi masa kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa sai da hanci, bai kula ni ba.

Shukar mutane ta fito gwanin sha'awa. Ko'ina ka duba kore, gefen Sale kore, namu ja wur a tsakiya kamar ƙora a kan yaro. In na je rijiya sai mata su tambaye ni ko Baƙo ya tashi daga barci, ko in kai masa goro. Kakanku kuwa kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda ya bi hanyar da ƙafarsa ta haddace, ya zauna a gindin aduwa kusa da kushewar, ya juya kunne wajen jirgi. Ni ke kai masa ɗan kunun da aka samu in rana ta take.

Wata rana na kai kunun, na ajiye, na ɗaga kai, sai na ga jirgin ya yi wani iri, kamar bakin da aka cire wa haƙora. Na daɗe ina kallo kafin in gane. Wayoyin ne babu. An datse su duka, ƴan guntayen da suka rage a jikin sanduna suna ƙyalli, sabon yanka. Tsohon yana zaune yana shan kununsa, kansa a karkace, yana saurare. Na karɓi ƙwarya na juyo. Ban sha wahalar nema ba, na tarar da su a naɗe a ƙarƙashin amalanken jakin Sale. Tsakanina da Sale wasa ne tun ranar da aka kawo ni, ƙanin miji ne, ba ya wuce ni bai tsokane ni ba. Ranar ba wanda ya yi wasa. Ya ce don mu ya yi, don ɗan'uwansa da ƴaƴana. In tsohon ya san babu abin jira zai haƙura ya buɗe rumbu tun da sauran danshi.

"To je ka gaya masa," na ce.

"Ke ki gaya masa. Ke yake jin maganarki."

"In ce masa wa ya yanke?"

Sai ya sunkuyar da kai. A cikin zafin zuciya ya manta da maganar ƙofar masallaci, ko ya tuna ya ɗauka ba za ta hau kansa ba. Da babanku ya ji, ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce kada wanda ya faɗa. In tsohon ya ji an yanke zai tambayi wanda ya yanke, ba a yi masa ƙarya ta zauna, in kuma ya sani dole ya cika abin da ya faɗa a gaban mutane. Muka tsaya a tsakiya: mu faɗa, Sale ya ɗauki bakin uba; mu yi shiru, tsohon ya yi ta jiran muryar da ba za ta zo ba, iri yana rumbu har damina ta wuce. Babanku ya zaɓi shiru. Garin ma duk an gani, yara sun gani, masu kiwo sun gani, amma ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya kai labari.

Ana cikin haka sama ta ɗauke. Ta yi fari tas, ko gajimare na rantsuwa babu. Shukar mutane ta fara naɗe ganye da rana tana warwarewa da safe, daga baya ta daina warwarewa. Iska mai zafi ta zo ta turbuɗe ta da rairayi. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Na ga dattawa suna tsaye a bakin gonakinsu, hannu a baya. Matan rijiya suka daina tsokanata, suka koma kallon rumbunmu in sun wuce, wannan kuwa ya fi tsokanar ban tsoro. Gefen Sale ya ƙone ƙurmus. Ya rame, ya daina shiga zaure, in ya hango tsohon tafe sai ya sake hanya, kamar makaho zai gan shi. Wata safiya ya ɗora matarsa da ƴaƴansa a amalanke ya nufi kudu, ya ce wa babanku zai tsallaka iyaka ya nemi aikin ƙarfi wajen Kano. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi wa uban sallama daga waje. Tsohon ya ce ya shigo, Sale ya ce sauri yake kada rana ta yi.

Bayan tafiyarsa ne na fi jin tsoro. Gawo ya fara zubar da ganye, alamar lokaci ya yi nisa. Rabin irin da ya rage shi ne iri kaɗai a unguwarmu. Babanku ya ce ba zai fasa rumbu a bayan idon ubansa ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Ni kuwa kullum in ɗauki kunu in kai wa mutumin da ke sauraren abin da babu. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki. Sai in dube shi, ya tattara hankalinsa duka a kunne, fararen idanunsa a buɗe, in haɗiye. Wurin ma ya sauya mini. Tun da aka cire wayoyin tsuntsaye suka daina sauka a kan fukafukan, ban san dalili ba. Ramukan zaman nan biyu, da ban taɓa kula da su ba, sai na riƙa jin kamar in na juya baya akwai mai zama a na bayan. Na koma ajiye ƙwarya ina fuskantar jirgin, in ja da baya har in kai hanya.

Ranar da abin ya faru rana ta take tsaka, zafi kamar a toya ƙwai. Ba iska ko kaɗan. Ina tuna wannan sarai, don na dubi aduwar ina neman ganye ɗaya mai motsi ban samu ba, kuma hayaƙin wani gida can nesa a miƙe yake sak. Na durƙusa zan miƙa masa kunu, sai na ji shi. Siririn kukan nan mai tsawo, da mai kaurin a ƙarƙashinsa, daga wajen jirgin, daga tsakanin sandunan da babu komai a tsakaninsu. Ba daga nesa ba, ba kuma a cikin kaina ba, har a haƙorana na ji shi. Abin da ke cikina ya motsa karo na farko, ƙwaryar ta kuɓuce ta kife a rairayi. Ya yi ta yi, ya yi ƙasa, ya sake tashi, sannan ya ɗauke. Ina nan durƙushe sai kakanku ya ce, da muryarsa ta kullum:

"Ƴar Kwaya, je ki ce wa mijinki ya fasa rumbu. Ya yi magana."

Ban san yadda na kai gida ba. Babanku ya dube ni ya dubi sama, ya ce waya fa babu. Na ce ya fasa kawai. Muka sussuke zangarniyar a ranar, muka fita da sanyin la'asar. Da muka isa gona tsohon ya ce a fara da gefen Sale. Babanku ya ce Baba, irin ba zai ishi duka ba. Tsohon ya ce a rage yawan da ake zubawa a rami, amma da gefen Sale za a fara. Haka muka yi binne a busasshen rairayi mai ƙona ƙafa, babanku yana sara ina zubawa ina turbuɗewa da diddige, a kan gawar shukar Sale. Mutane suka tsaya a hanya suna kallonmu, ba mai dariya, ba mai sannu. Abin da ya rage a gindin ƙwarya tsohon ya sa aka rarraba wa maƙwabta, tafi-tafi. Da muka gama ba ƙwaya ɗaya ta hatsi a gidanmu. Na zauna a bakin gona na yi kuka, don na ga mun zuba rayuwarmu a ƙasa saboda abin da ni kaina ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Washegari ba komai. Wanda ya biyo shi ma da safe ba komai, na ga babanku yana tona rami ɗaya yana duba ko tururuwa ta kwashe. Wajen azahar iska ta juyo daga kudu, mai sanyi, mai nauyi, ta ɗaga mini gyale. Kafin la'asar ruwa ya sauko, ba irin na farko mai hauka ba, mai natsuwa, ya yi ta zuba. Daga nan bai ƙara yin dogon hutu ba har hatsi ya fitar da kai. Ba a cika rumbuna ba a shekarar, kada ku ji an ce an cika. An dai sami abin da ya kai mu, da irin baɗi, mu da waɗanda suka karɓi tafi-tafi.

Kakanku bai ga girbi ba. Tun hatsi yana bunni jikinsa ya saki, ya daina zuwa gindin aduwa, ya koma kwanciya a zaure. Wata rana da hantsi ina ba shi ruwa, gidan ba kowa duk an tafi gona, ya riƙe bakin ƙwaryar ya tambaye ni ko gefen Sale ya yi kyau. Na ce ya fi ko'ina. Ya ce a ɗaure nasa dabam a ajiye masa. Sannan ya ce, kamar mai zancen farashin gishiri, wayoyin nan masu kyau ne, yana fata yaron ya sami abin yi da su. Ruwan ya kusa zube mini. Na ce Baba, ashe ka sani?

"Tun safiyar da aka yanke. Kullum in na iso sai na shafa ta kusa da ni, in ji ko ta yi sanyi. Ranar na kai hannu na shafa iska."

"Ba ka tambaya ba."

"In na tambaya za a gaya mini. In aka gaya mini, na riga na yi magana a ƙofar masallaci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ƴar nan. Makaho bai ga komai ba, shi ke nan."

Hawaye ya yi ta zuba mini. Duk kwanakin nan da muke tausayinsa muna ɓoye masa, shi yana zaune a rana yana yi mana makaho sau biyu don kada bakinsa ya taɓa ɗansa. Sai na tambayi abin da ya fi ci mini rai. Na ce to Baba, ranar nan, tunda ka san babu waya, me ka ji?

Ya yi ƴar dariya har tari ya sarƙe shi.

"Me zan ji? Da me zai yi magana? Gwiwata ce ta kwana tana sara, irin saran da take yi in iskar nan ta kusa. Na ce shi ne, don in na ce gwiwa za ku gane na sani." Ya numfasa. "Ke kuwa me ya sa kika kifar mini da kunu ranar?"

Na ce hannuna ne ya yi gumi.

Bai ƙara makonni da yawa ba ya rasu. Bayan girbi na gaya wa babanku rabin farko na maganar, ya tsallaka iyaka ya nemo Sale a inda yake dako, ya ce masa ba a yi masa baki ba, ga hatsinsa can a ɗaure. Sale ya ce ai don tsohon bai sani ba ne. Babanku ya ce ya sani tun safiyar farko. Sale ya rufe fuska da hula ya yi kuka kamar yaro, ya ce to da wane ido zai dubi kushewarsa? Bai dawo ba. Kunya ce ta riƙe shi a can har ya mutu, ba baki ba, kuma wadda ta ƙara cewa baki ne, ko ina kabari ban yafe mata wannan ƙarya ba.

Rabi na biyu kuwa ban gaya wa babanku ba har ya koma ga Allah, ban gaya wa liman ba, ban gaya wa kowa ba. Na sha auna shi a raina, na ce ko yunwa ce, ko rana, ko laulayin ciki. Na san yunwa, na san rana, na haifi ƴaƴa bayan wannan, ba wanda ya taɓa yi mini kuka a haƙori. Tsohon da ya ce a fasa rumbu bai ji komai ba. Ni da na ruga na sa aka fasa, na ji, da rana tsaka, ba iska, ba waya.